Rabin Shafi Kacal Muka Ba Baba Kofur

Kwanakin baya na halarci jana'izar wani dattijo da muka tashi muna kiransa Baba Kofur. Maƙwabcinmu ne a Sabon Garin Zariya, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Shi Kirista ne, dattijon ekklisiya ma, ni kuwa Musulmi ne ɗan Musulmi. Amma duk yaron da ya tashi a layinmu ya san zafin rankwashinsa, ya kuma san cewa ranar Lahadi da yamma aljihunsa ba ya rasa alewa.

A bakin majami'a aka miƙo mini ɗan littafin jana'iza, takarda mai sheƙi, ga hotonsa a bango cikin babbar riga. Na zauna na buɗe. Saƙonnin ta'aziyya ne shafi bayan shafi: na ɗan majalisa, na ciyaman, na ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar da babban ɗansa ya yi, har da na abokan aikin surukarsa. Tarihin mamacin kuwa rabin shafi ne. An haife shi, ya shiga soja, ya yi yaƙin basasa, ya yi ritaya, ya riƙe bangaskiya, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Shi ke nan.

Babu sunan bataliyarsa. Babu inda aka ce ga garuruwan da ya taka a fagen daga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ko kalma ɗaya ba a yi ba a kan kafinta, sana'ar da ya fi daɗewa a cikinta nesa ba kusa ba a kan aikin soja, wadda da ita ya biya kuɗin makarantar waɗanda suka buga littafin. Kuma bencin da nake zaune a kai ina karantawa, shi ya haɗa shi da hannunsa.

Ra'ayina ba mai tsawo ba ne. Muna yi wa irin waɗannan dattawa jana'iza mai tsada, amma muna binne su tare da tarihinsu. Girmamawar da ta fi cancanta da su ita ce a zauna da su tun suna da rai, a naɗi muryarsu, a rubuta rayuwarsu dukanta: yaƙin, sana'ar, ibadar, zaman gidan, har da inda suka yi tuntuɓe. Wannan ya fi anko, ya fi rumfa, ya fi saƙon ɗan majalisa. Kuma ba aikin ekklisiya ba ne ita kaɗai.

Su wane ne su?

Tun zamanin Turawa, sojan Najeriya ya dogara da 'ya'yan talakawan Arewa. Da yawansu daga ƙasar Tibi suka fito, da Tarok, da Angas, da Bachama, da Zuru, da kudancin Kaduna, wuraren da aikin mishan ya kafu. Da Hausa aka koya musu fareti, da Hausa suke sujada, domin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932 yake hannun mutane.

Na farkonsu da muka riska su ne 'yan Bama, waɗanda aka kwasa a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yaƙi Japan a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, daga 1943 zuwa 1945. Duk wanda ya taɓa cewa Barikin Dalet ko Kalapanzin a Kaduna, ko Chindit a Zariya, ko Dodan da Myohaung a Legas, ko Letmauk a Ibadan, to sunan wani wuri ko wata runduna ta yaƙin Bama ya ambata, ko ya sani ko bai sani ba. Sunayen ƙauyukan Bama mun riƙe su a allunan bariki. Sunayen yaranmu da suka kwanta dama a can fa?

'Yan Bama sun kusa ƙarewa. Yanzu layi ya zo kan 'yan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da rundunar ta kumbura daga mutum kusan 10,000 zuwa kimanin 250,000. Wanda ya shiga yana ɗan shekara ashirin, yau ya doshi tamanin. A bayansu akwai na Lebanon, da na Laberiya daga 1990, da na Saliyo. Kowane wata muna rasa wasu.

"Ai ba wani ba ne"

Wannan ce amsar farko da za ka ji. Kofur ne fa, ba janar ba. Wane tarihi gare shi?

Tarihin manya ba ya cikin haɗari. Langtang kaɗai ta fitar da Domkat Bali da Jeremiah Useni da Joshua Dogonyaro da John Shagaya da Joe Garba, kuma duk wanda ke son sanin rayuwarsu zai samu a rubuce. Kwamandojin yaƙin basasa, wasu sun rubuta nasu da kansu, wasu an rubuta musu. Amma hafsa taswira yake kallo. Wanda ya san nauyin akwatin harsashi a ka, ya san yadda ake kwana a rami cikin ruwan saman kudu, ya san abin da aka ci ranar da motar abinci ba ta iso ba, shi ne kofur da farabiti. Idan aka rasa bakinsu, rabin labarin kawai ya rage, kuma rabin da ya fi tsabta.

Akwai misali guda da nake yawan tunawa. Isaac Fadoyebo, ɗan ƙauyen Emure-Ile a jihar Ondo ta yanzu, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka sa shi aikin jinya. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka far wa ayarinsu a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi a matsayin matacce. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya riƙa ciyar da shi, shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, daga baya ya ɓoye su a gidansa, alhali ya san in Japanawa suka gano, kashinsa ya bushe. Sai bayan kimanin wata tara aka cece su.

Fadoyebo ba hafsa ba ne. Abin da ya bambanta shi da dubban abokansa shi ne ya zauna ya rubuta. Saboda rubutun nan wani ɗan jaridar Birtaniya ya nemo shi a Legas, ya je har Bama ya gano iyalan Shuyiman ya kai musu godiyarsa, kafin tsohon ya rasu a 2012. Yanzu ka tambayi kanka, irin wannan labari nawa ne ke kwance a maƙabartun Kagoro da Numan da Pankshin da Gboko, ba wanda ya ji?

Barikin Chari Maigumeri da ke Lokoja sunan samanja aka sa masa, ba na janar ba. Irinsa ba su da yawa.

Kunyar zarto

Nan ne nake son in tsaya, don a nan na fi ganin laifinmu.

Me ya sa 'ya'yan Baba Kofur suka rubuta soja suka tsallake kafinta? Ban tambaye su ba, ranar ba ta tambaya ba ce. Amma na san halinmu. Kaki abin alfahari ne, zarto da guduma kuwa abin a rufe ne. Yaron da ya zama lauya ko ma'aikacin banki yana jin daɗin cewa mahaifinsa tsohon soja ne. Cewa kafinta ne, ko birkila, ko tela, ko direban tifa, sai harshe ya yi nauyi a gaban abokan ofis.

Alhali in ka auna, shekarun kakin ba su kai rabin na shagon ba. Yawancin waɗannan mutane sun baro bariki da sauran ƙarfinsu, da 'ya'ya ƙanana, da fanshon da ba ya kai tsakiyar wata, wani lokaci ma ya yi watanni bai zo ba. Wasu a cikin soja suka koyi tuƙi ko kanikanci ko gini. Wasu sun bi ta cibiyar koyar da sana'a ta sojoji masu barin aiki da ke Oshodi a Legas. Wasu kuwa, da furfura ta fara fito musu, suka durƙusa a gaban wani maigida suka koya daga tushe. Mutumin da ya ba da oda a fagen daga ya koma ana aikensa sayo ƙusa. Wannan ba jarumta ba ce?

Shagon Baba Kofur rumfar kwano ce a ƙofar gida. Ba ya karɓar ɗanyen katako ko nawa za ka ba shi. Sai ya ce ka je ka dawo in ya bushe, don ba zai yi ƙofar da za ta lanƙwashe da damina a zo ana nuna gidansa da baki ba. Kayan aikinsa kowane da ƙusar da ake rataye shi, kuma kafin a tashi sai an ƙirga, kamar yadda ake ƙirga bindigogi a ma'ajiya. Yaron shagon da ya ɓatar da tef ɗin awo ya san ranar ba zai ji da daɗi ba.

Ya yi rufin gidaje, ya yi gadajen amare da kabad. Allunan makarantar allon layinmu shi yake gyara mana su in sun tsage. Makarar masallacin unguwa da ta karye, shi ya gyara, ya ƙi karɓar ko sisi. In aka yi rasuwa a ekklisiyarsu kuma mamacin ba shi da kowa, za ka ji bugun guduma har tsakar dare, da safe akwatin gawa ya kammala. Ranar Lahadi shago a rufe yake ko gwamna ne ya kawo aiki. Ranar Juma'a kuwa, da rana ta take, shi da kansa yake korar yaran shagonsa Musulmi su tafi masallaci, kuma in ka dawo da wuri sai ya tambaye ka abin da liman ya faɗa, don ya tabbatar ba gidan kallo ka je ba.

Waɗanda ya yaye suna nan a Zariya da Kaduna da Funtuwa, wasu har sun yaye nasu. Na ga wasunsu a wajen jana'izar, suna tsaye a baya cikin rana, ba wanda ya kira su su ce uffan. An ba wakilin ɗan majalisa makirufo, mutumin da bai taɓa ganin marigayin ba ko a hanya.

In ana maganar gina ƙasa, ni wannan nake gani. Yaƙin ya hana ƙasar rabewa, shagon kuwa shi ya ciyar da gida, ya ba wasu gidajen abin yi. Tarihin da ya ɗauki na farko ya yar da na biyu, ƙarya yake koya wa jikoki: cewa darajar mutum tana ƙarewa ranar da ya tuɓe kaki.

Ga kuma Mama, matarsa, wadda littafin ya ambata a layi ɗaya. Shekarun da yake bakin daga, ita ta riƙe yara a ɗaki ɗaya a bariki, ba ta san ko gwauruwa ce ko matar aure ba sai wasiƙa ta zo. Watannin da fansho ya maƙale, kaskon ƙosanta ne ya riƙe gidan. Duk wanda zai rubuta tarihin tsohon soja bai zauna da matarsa ba, aikin banza ya yi.

"Allah ya san aikinsa"

Wasu masu ibada za su ce ai mutumin kirki ba ya son a yi ta yayata shi. Ladansa na wurin Ubangiji, ya yi barci, sai a bar shi ya huta. Fasto ma a ranar ya karanta ayar nan ta 2 Timoti 4:7, inda Bulus ke cewa ya yi fama, ya gama tsere, ya riƙe bangaskiya. Aka ce wannan ta wadatar.

Ina girmama wannan magana, kuma na yarda Baba Kofur da kansa da haka zai ce. Amma ko ni da ba addinina ba ne, na san littafin da suke karantawa bai yi rowar sunaye ba. Sura ta 3 ta Nehemiya jerin sunayen waɗanda suka gyara garun Urushalima ne, wane ya kama daga nan zuwa can, har da maƙeran zinariya da mai haɗa turare da wani mutum da 'ya'yansa mata. A Fitowa 31 an kira Bezalel da sunansa saboda gwanintar hannunsa. A Markus 6:3 kuwa, Yesu kansa masassaƙi mutanen garinsu suka kira shi. To ekklisiyar da ke karanta wannan kowace Lahadi, yaya za ta binne kafintanta ba ta ce kafinta ba ne?

Tawali'u na mai rai ne, shi zai ƙi yabon kansa. Shaida kuwa nauyi ne a kan waɗanda suka gani. Kuma in tawali'un ne da gaske, me ya kawo shafukan hotunan manyan baƙi?

"Kada a tono abin da aka binne"

Wannan hujjar ta fi sauran nauyi, ba zan raina ta ba. Yaƙin basasa ba wasan kwaikwayo ba ne. An yi kashe-kashen 1966 a garuruwan Arewa kafin a fara. A watan Oktoba na 1967 sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba. Yunwa ta cinye yara ba adadi a yankin Biyafara. Sojojin tarayya su ma sun hallaka da yawa a yunƙurin tsallaka kogin Neja zuwa Onitsha, da kuma kwanton ɓaunar Abagana a 1968. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya zaɓi ya yi shiru, wa zai ce masa don me?

Baba Kofur bai cika son maganar ba. Lokacin Kirsimeti, in yara suka fara fasa nokawut, sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Manyanmu sun ce shekarun farko bayan dawowarsa ya sha burkutu ƙwarai, gidan ya sha wuya, kafin ya tuba ya kama majami'a hannu bibbiyu. Duk unguwa ta san wannan. Littafin jana'iza bai sani ba.

Ni kuwa a ganina wannan ne ma wurin da ya fi amfani. Yau muna da dubban samari da suka dawo daga Sambisa da bakin tafkin Chadi da dazukan Zamfara, suna firgita cikin barci, wasu sun faɗa ƙwaya, matansu ba su san wa za su gaya wa ba. In aka nuna musu tsohon soja a matsayin waliyyin da bai taɓa karkacewa ba, me za su ɗauka? Amma in suka ji daga bakinsa cewa shi ma ya bi ta nan, ga abin da ya fitar da shi, ga rawar da matarsa da shagonsa da ibadarsa suka taka, to an ba su abin kamawa.

Ba a ce a tilasta wa kowa ba. Tsohon da ya ce kada a taɓa wannan babin, a bar masa. Wanda ya ce a naɗa amma kada a saki sai bayan ransa, a cika masa alkawari. Abin da na ƙi shi ne mu yanke hukunci a madadinsu cewa ba sa son magana, alhali ba mu taɓa tambaya ba. Da yawansu jira suke a tambaye su. Sun fara ba da labari sau da dama, 'ya'ya suka ce Baba ya sake farawa, kowa ya koma kan wayarsa.

Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, kuma maganar ta taimaka a lokacinta. Amma shirun da ya biyo baya, haɗe da shekarun da aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu, shi ya ba mu samarin da ke kiran yaƙi a Facebook kamar suna gayyatar biki. Waɗanda suka san warinsa ba sa kiransa.

"Ai gwamnati tana tunawa da su"

Tana yi, rana ɗaya a shekara. Ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, wadda ta maye gurbin 11 ga Nuwamba ta zamanin Turawa. A ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tantabaru, manya su manna bajo a ƙirji. Ban ce a daina ba. Amma a shekarun nan mun sha ganin 'yan mazan jiya sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Ƙasar da ba ta gama biyan mai rai ba, kada mu zauna jiran ta rubuta tarihinsa.

A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu ba ko kaɗan, har gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa. Mun ji haushi, kuma da gaskiyarmu. To amma Bature baƙo ne. Mu da muke 'ya'ya da jikoki da maƙwabta, wane uzuri za mu bayar?

"Kai Musulmi, ina ruwanka?"

Na san za a faɗa, daga ɓangarori biyun ma.

Ruwana shi ne maƙwabcina ne, kuma addinina bai ce haƙƙin maƙwabci sai Musulmi ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi (SAW) sai ya miƙe tsaye, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Ban je majami'a don in yi sujada ba, kuma ban canza aƙidata ba. Na je ne don mutumin ya goya ni a kafaɗa ina yaro.

Ruwana na biyu ya fi wannan faɗi. Tun bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, garuruwanmu suka fara rabewa, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Yau akwai saurayi a Rigasa da bai taɓa cin abinci a gidan Kirista ba, akwai wani a Sabon Tasha da bai taɓa shiga zauren Bahaushe ba. In ka gaya musu an yi lokacin da dattijon ekklisiya ke gyara makarar masallaci, sai su ɗauka irin maganar taron zaman lafiya ce da ake yi a otal a raba alawus. Hujja suke buƙata, da suna da unguwa da shekara. Irin su Baba Kofur su ne hujjar. A rami ɗaya suka kwana da Musulmi, a kwano ɗaya suka ci, wasu sun ɗauko gawar wasu a kafaɗa. Ba su koyi zaman tare a takarda ba.

Kuma kada mu Musulmi mu ɗauka mun tsira. Su aƙalla suna buga rabin shafi. Mu in tsohon sojanmu ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, a yi zaman makoki kwana uku a watse, ko layi ɗaya ba a rubuta ba. Gaggauta binnewa sunna ce, ba ita nake nufi ba. Amma mu ne al'ummar da malamanta suka rubuta tarihin dubban masu ruwaya, wane ɗan wane, a ina ya zauna, daga wa ya ji. Ba mu da dalilin yin sakaci da na kakanninmu.

Ba kuɗi ake buƙata ba

Iyalin da ya iya ajiye gawa makonni a mutuware, ya ɗinka anko, ya yi hayar rumfuna da kujeru, ya dafa wa gari shinkafa, ba zai ce naɗar murya ta fi ƙarfinsa ba. Wayar da ke aljihun jika ta isa.

A je da yamma in ya huta, a tafi masa da goro ko abin da yake so, kada a fara da yaƙi. A fara da ƙauyensu, da sunan mahaifinsa, da abin da ya sa ya shiga layin ɗaukar kurata. Lambarsa ta soja ba ya manta ta, ko ya manta abin da ya ci da safe. Daga nan a bi shi a hankali: bataliya, garuruwa, abokan da ba su dawo ba. Sai a zo kan wanda ya koya masa sana'a, aikin farko da aka biya shi, nawa aka ba shi, su wa ya yaye. A tambaye shi yadda ya sadu da Mama, sannan a je a ji ta bakinta ita kaɗai, don ba lalle labarin ya zo ɗaya ba. Tsohuwar adakar ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado, a roƙe shi ya buɗe, a ɗauki hoton takardar sallama da lambobin yabo da wasiƙu kafin gara ta riga mu.

Ekklisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN suna da abin da gwamnati ba ta da shi: sun san kowane tsoho da ɗakinsa. Zumuntar Mata da Zumuntar Maza da ƙungiyar matasa za su iya raba sunaye a tsakaninsu, kowane wata a zauna da mutum ɗaya. Kwamitocin masallatai su ma haka. Rassan ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion suna da rajistar mambobinsu. Malaman tarihi a jami'o'inmu kuwa, maimakon ɗalibi na ɗari ya sake rubuta kundin digiri a kan sarautar garinsu, a tura shi ya naɗo bakin kofur biyar, a kai abin da ya samo Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

A fara da wanda ya fi tsufa da wanda jikinsa ya fara rauni. A naɗa da harshen da ya fi sakewa a ciki, Hausa ce ko Tibi ko Tarok, fassara ta biyo baya. Kuma a ajiye kwafi a hannun mutum fiye da ɗaya, don waya tana lalacewa, ana kuma fizge ta a Keke Napep.